Baƙar Mace a Fagen Waƙa da Kwalliya: Yabon da Ake Yi a Waje da Bashin da Ke Kanmu a Kano

A ranar 2 ga Fabrairun 2025, a birnin Los Anjelis na Amurka, aka miƙa wa mawaƙiya Beyoncé kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ta kundin waƙoƙi mafi fice na shekara, kyautar da rabon da wata baƙar mace ta karɓe ta tun 1999, lokacin da Lauryn Hill ta samu. A wannan taron ne kuma Tems, 'yar Najeriya, ta ɗauki Grammy ɗinta na biyu. Irin wannan labari ba ya kwana sai ya iso wayoyin mutanen Kano, kuma da zarar ya iso sai a rabu gida biyu: ga masu murna don 'yar ƙasarsu ta ciri tuta, ga kuma masu jan tsaki suna cewa ai duk bikin tsiraici ne da bai shafi Bahaushe ba. A ganina ɓangarorin biyu sun tsaya a bakin ƙofa ne, domin hayaniyar da ake yi a duniya kan karrama baƙaƙen mata tana da tushe mai tsawo, kuma duk wanda ya bi tushen nan a hankali zai tarar cewa reshensa ɗaya yana tsakar gidanmu.

Wanda bai san tarihin ba zai iya mamakin yadda Amurkawa ke ƙirga "baƙar mace ta farko" a kowane fage, har abin ya yi kama da neman magana. Dalilin shi ne masana'antar nishaɗi ta can ta daɗe tana cin gajiyar muryar baƙar mace tana hana ta suna da kuɗi. A 1920 ne Mamie Smith ta yi faifan da ya nuna wa kamfanoni cewa akwai riba mai yawa a waƙar baƙaƙe, sai suka buɗe wani rukuni na daban na faya-fayan baƙar fata, ana sayar da su a ware, ana kuma biyan mawaƙan ladan ranar ɗauka a sallame su. A 1952 Big Mama Thornton ta rera wata waƙa da ta yi makonni tana kan gaba a jadawalin waƙoƙin baƙaƙe. Bayan shekara huɗu Elvis Presley, mawaƙi farar fata, ya sake rera ta, ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan shahararsa, ita kuwa ta ce dala 500 ce ta shigo hannunta, kuma ta rasu a 1984 ba ta da abin kirki. Sister Rosetta Tharpe, wadda salon kaɗa jitarta ya zama makaranta ga mazan da aka naɗa sarakunan kiɗan rok daga baya, ta rasu a 1973, kabarinta ya shafe fiye da shekara talatin babu ko dutsen alama, sai a 2018 aka shigar da sunanta zauren tunawa da gwarazan wannan kiɗa. A fagen fim ma, lokacin da Hattie McDaniel ta ci kyautar Oscar a 1940, a wani tebur na gefe aka zaunar da ita, nesa da abokan aikinta farare, saboda otal ɗin da aka yi bikin ba ya karɓar baƙar fata. Saboda haka idan aka ga ana tafi da kuka yau don wata ta hau dandamali, lissafin tsohon bashi ake yi.

Matan Afirka sun shiga wannan fage da nasu nauyin. Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu ta nemi komawa gida jana'izar mahaifiyarta a 1960 ta tarar gwamnatin wariyar launin fata ta soke fasfonta. A 1963 ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shaida kan zaluncin ƙasarta, a 1966 ta ci Grammy tare da Harry Belafonte, ta yi zaman gudun hijira mai tsawo a Gini, kuma tana cikin waɗanda suka yi wasa a FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a 1977. Ba ta koma gida ba sai 1990. Abin da ake yawan mantawa game da ita shi ne ta ƙi miƙar da gashinta a zamanin da ake ganin dole mawaƙiya baƙa ta yi hakan kafin ta fito gaban Turawa. Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin tana da Grammy biyar. Wadda ta fi kusa da yanayinmu kuwa ita ce Oumou Sangaré ta Mali, Musulma daga al'umma mai kama da tamu, wadda ta yi suna da waƙoƙi kan auren dole da zaman kishi, ta kuma juya sunan ya zama jari har ta gina otal a Bamako. Duk da wannan dogon tarihi, sai a 2024 masu Grammy suka ware wa waƙar Afirka rukuninta na kanta, Tyla ta Afirka ta Kudu ta fara ɗauka, Tems ta biyo baya.

A ɓangaren kwalliya labarin ya fi ɗaci, domin a nan jikin mace ne kansa aka ce bai cika ba. An kori mata daga aiki, an mayar da 'yan mata gida daga makaranta saboda kitso, har sai da jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 da ta haramta nuna bambanci saboda gashi da salon gyaransa, wasu jihohi suka bi sahu. Mutumin Kano da ya tashi yana ganin shuku da kalaba da doka a kan uwarsa da yayyensa zai ji abin banbaraƙwai, cewa sai an yi doka kafin mace ta tafi ofis da kitsonta. A 2017 mawaƙiya Rihanna ta fito da kamfaninta Fenty Beauty da hodar shafe fuska kala arba'in, mata masu duhun fata suka yi wawar kayan, sauran kamfanoni suka farga cewa sun yi shekaru suna barin kuɗi a ƙasa. A 2019 kuma, karo na farko, baƙaƙen mata ne suka riƙe manyan kambuna biyar na gasar kyau a Amurka da duniya a lokaci guda, cikinsu har da Zozibini Tunzi ta Afirka ta Kudu, wadda ta hau dandamali da gajeren gashinta na halitta. Ba na cikin masu ɗaukar wannan sauyi a matsayin tuban kamfanoni. Kasuwa suka hango, kuma kamfanin da ke tallar "ki so fatarki" a Landan sau da yawa yana da wani reshe da ke sayar da man ƙara haske a Indiya ko a Afirka. Amma ko da ciniki ne ya kawo shi, yarinyar da ta ga mai kalarta a allon talla ta samu wani abu da uwarta ba ta samu ba.

To, ina ruwan Kano, garin da kowa baƙi ne? Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Babu Bature a tsakaninmu da ya hana mace suna ko ya ce fatarta ba ta yi ba, amma abubuwan nan biyu duk suna faruwa, kuma mu ne masu yi.

A fara da murya. Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa mata masu waƙa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilimantar da matan karkara: tana rubutawa da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajis ɗinta, wato matan da ta horar su zama malamai, suna haddacewa suna kai wa 'yan taru, matan da ke taruwa ɗaukar karatu, ƙauye-ƙauye. A gidajen sarauta akwai zabiyoyi, a gidan biki akwai mai guɗa, a tsakar gida akwai waƙar daka da ta niƙa da ta reno, waɗanda ba a san wadda ta ƙirƙire su ba har abada. Sannan ga amada, kiɗan ƙwarya na mata zalla, wanda Uwaliya Mai Amada ta yi fice da shi a nan Kano, Barmani Choge ta Funtuwa kuma ta fito da shi daga cikin gida ta kai shi rediyo da talabijin da zaurukan jami'o'i kafin rasuwarta a 2013. Barmani ta yi wa mata waƙa kan kishiya, kan haihuwa, kan jikinsu, ta kuma yi ta zaburar da su kan neman sana'a tun kafin ƙungiyoyin agaji su fara shirya taruka a otal kan dogaro da kai. Duk da haka al'adarmu ta ajiye mai waƙa a rukunin maroƙa, wato a ƙasan tsani, kuma idan mace ce sai a ƙara mata da zargin rashin kamun kai. Muna son waƙar a bikin 'ya'yanmu, muna yin liƙi, amma kaɗan ne cikinmu za su yarda ɗansu ya auro mai yin ta.

Labarin Magajiya Ɗambatta ya isa misali. A shekarun 1970 muryarta tana cikin waɗanda aka fi ji a rediyo, kuma ta yi waƙar da ta ja hankalin iyaye su sa 'ya'yansu a makaranta. Da tsufa ya zo, ido ya tafi, sai ga ta tana bara, mafi yawan masu jin waƙoƙinta ma sun ɗauka ta daɗe da rasuwa. Sai da labarinta ya fito a kafafen sada zumunta aka kafa gidauniya, jama'a suka tara kuɗi aka sama mata muhalli, kafin Allah ya yi mata rasuwa a 2021. Waɗanda suka yi wannan taimako sun cancanci yabo, sai dai tambayar da ba a cika yi ba ita ce: waƙoƙin da aka yi shekaru ana sakawa, wa ya karɓi ladansu? Bambancin da ke tsakanin ƙarshen Magajiya da na Big Mama Thornton bai kai yadda za mu so ya kai ba.

Da masana'antar fim ta kafu a Kano daga 1990, ta ɗauko tsarin Indiya na raba fuska da murya: jaruma ce ke motsa baki a allo, wata daban ce ta rera a situdiyo. Da wannan tsari ne muryoyin Rabi Mustapha da Fati Nijar da Maryam Fantimoti da Maryam Sangandale da Zuwaira Isma'il suka shiga kowane gida da kowace motar haya, daga Kano har Maraɗi da Agadas da zangon Kumasi. Fim da yawa waƙarsa ce ta sayar da shi a Ƙofar Wambai, ba labarinsa ba. Amma al'adar aikin ita ce a kira mawaƙiya, a ba ta baitin da wani ya rubuta, ta ɗora murya, a biya ta na ranar, shi ke nan. Ko waƙar ta yi shekara goma ana rawa da ita, ba ta da sauran kaso. Haka kuma waƙar da namiji da mace suka raba baitocinta daidai wa daida takan fita da sunan namijin kaɗai, shi ake gayyata wasan sallah, shi ke da tashar YouTube da ake ƙirga masu kallo. Ba na cewa mugunta ce ta wani mutum guda. Tsari ne da aka gada, kuma satar fasaha ta cuci mazan ma. Sai dai idan ana rabon asara, kason mace ne ya fi girma.

Batun launi ya fi wannan wuyar faɗa, domin ya shiga har cikin ɗakunanmu. Ba Turawa ne suka fara koya mana fifita haske ba. Kirarin "farar mace alkyabbar mata" ya girmi talabijin. Haske ya daɗe yana nuna hutu, wato macen da ba ta shiga rana, ba ta zuwa gona ko rafi. Ya kuma haɗu da tsohuwar alaƙarmu da Larabawan fatauci da kuma tarihin bauta, inda duhun fata ya zama abin gori. A kan wannan tushe ne finafinan Indiya suka sauka, tun zamanin da ake cika gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Marhaba, inda jaruma kullum fara ce mai gashi har gadon baya. Littattafan soyayya na kasuwar Kano suka ɗauka: buɗe goma ka ƙirga nawa ne tauraruwarsu ba "fara sol, mai dogon hanci, kamar Balarabiya" ba ce, ka kuma duba wace kala ake ba muguwar kishiya ko 'yar aiki. Daga nan fim ya karɓa, masu tallar atamfa da leshi suka karɓa, yanzu kuma wayar hannu ta kammala aikin, domin kyamarar da yawa daga cikin wayoyin da ke hannun 'yan mata tana ƙara wa fuska haske tun kafin a nemi ta yi.

Sakamakon yana kan kantunan kayan shafa a Sabon Gari da sauran kasuwanni, da kuma hannun masu haɗi da ke talla a Instagram da WhatsApp. Ba a ma cika kiran abin bilicin ba. Cewa ake "gyaran jiki" ko "fito da kalarki ta asali", kuma idan ya fara aiki sai a ce wance ta goge, hutu ya karɓe ta. Ana yawan ambaton alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. Alƙaluman sun tsufa, kuma tushensu bincike ne da aka yi a tsakanin 'yan kasuwa a Legas, don haka bai kamata a riƙa maimaita su kamar an ƙirga kowace mace ba. Amma girman matsalar ya isa hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta ayyana ta a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar ƙasa a 2023. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015, Ruwanda ma ta bi.

Yana da kyau a san abin da ke cikin kwalbar. Duhun fata daga wani sinadari ne da jiki ke yi mai suna melanin, kuma aikinsa kare fata daga zafin rana, abin da mazaunin Kano ya fi kowa buƙata a watan Afrilu. Nau'i na farko a cikin kwalbar shi ne sinadarin haidurokwinon, wanda ke toshe hanyar da jiki ke bi ya samar da melanin ɗin. Dokar Najeriya ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari a kayan shafa ba, amma mai haɗi da ke zuba wannan a kan wancan a roba ba ta da ma'auni. Idan aka daɗe ana shafawa, sai ya juyo da baƙaƙen tabo masu shuɗi-shuɗi a kumatu waɗanda ke da wuyar magani. Nau'i na biyu shi ne magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don ƙaiƙayi ko kumburi, amma aka mayar da su man kullum: suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙuraje su yawaita, ciwo ya ƙi warkewa, abin da ke wahalar da likitoci idan aka zo ɗinki bayan tiyatar haihuwa, kuma idan suka ratsa cikin jini suna iya tayar da hawan jini da sukari. Na uku ita ce zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, take kuma bi ta mahaifa da nono ta isa ga jariri. Gaɓoɓin yatsu da gwiwa ba su cika bin umarnin man ba, shi ya sa ake gane mai shafawa daga hannunta. Mafi tayar da hankali shi ne yadda abin ya sauko kan yara: a 2025 BBC ta yi rahoto daga nan Kano kan iyaye mata da ke shafa wa ƙananan 'ya'yansu, wata saboda ta ga dangi sun fi jan 'ya'yan 'yar'uwarta masu haske a jiki.

Wannan dalili na ƙarshe ya nuna inda ya kamata a kai ƙara. An saba ɗora laifin kan mata, a yi musu ba'a a majalisa, a ce masu fuska kala biyu. Amma saurayin da ke wannan ba'a shi ne ke gaya wa gwaggonsa ta samo masa fara, uwar miji ce ke leƙa fuskar jaririya ranar suna ta duba kunnuwa don ta san ko za ta yi duhu, furodusa ne ke zaɓar wadda za ta fito a matsayin 'yar mai kuɗi. Yarinyar da ta sayi man ta karanta kasuwar aure da ta aiki daidai. Kasuwar ce ta karkace.

Akwai ƙorafin da masu jan tsaki ke yi wanda bai kamata a yi watsi da shi ba. Gaskiya ne cewa yawancin abin da duniya ke kira karrama baƙar mace ya ginu ne kan nuna jiki, kuma al'ummar Musulmi tana da hujjar ƙin hakan. Ba a manta da 2002 ba, lokacin da aka kawo gasar kyau ta duniya Najeriya bayan nasarar Agbani Darego 'yar Najeriya a 2001, rikici ya ɓarke a Kaduna, fiye da mutum 200 suka rasu, aka mayar da gasar Landan. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau daga masana'antar fim ta Hausa saboda wani bidiyon waƙa. A Disambar 2021 Shatu Garko, 'yar shekara 18 daga jihar Kano, ta zama ta farko mai hijabi da ta ci gasar kyau ta Najeriya, Hisbah ta ce za ta gayyaci iyayenta. Har daga cikin masana'antar kwalliya ma an samu mai wannan ƙorafi: Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da ta yi suna a duniya da tallar kaya cikin hijabi, ta ajiye aikin a 2020 tana cewa ya tura ta ga sassauta addininta. Sai dai muhawarar sutura daban take da batun haƙƙi da na launi, kuma sau da yawa ana fakewa da ta farkon don a guje wa sauran biyun. Mawaƙiyar da ta shiga situdiyo da hijabinta har ƙasa ba ta nuna komai ba, amma an hana ta kasonta. Addinin da ake kafa hujja da shi kuwa shi ne ya ce fari ba shi da fifiko a kan baƙi sai da taƙawa, shi ne ya yi gargaɗi kan canza halittar Allah, kuma a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ummu Aimana, baƙar mace 'yar Habasha, ita ce ta rene shi, ya kuma girmama ta har ƙarshen rayuwarsa. Huɗuba kan shigar 'yan fim ba ta yankewa a masallatanmu. Kan gorin baƙar fata a gidan miji kuwa, ba kasafai ake jin ta ba.

A gefe guda, ilimin kwalliyar da duniya ke saye yanzu da tsada yana hannun matan da ba a ƙirga su cikin masu fasaha. Man kaɗanya da kamfanonin Turai ke zubawa a kwalabe masu ƙyalli, matan karkara ne ke tsinto ƙwarar, su dafa, su daka, su tace. Mai lalle da ke zana hannun amarya ba tare da ta duba takarda ba, mai kitso, mai dilka da halawa, mai haɗa humra da turaren wuta irin na Barno, kowacce tana riƙe da sana'ar da ke ciyar da gida, kuma intanet ta ba wasunsu damar da iyayensu ba su samu ba, ta sa suna a kan aikinsu da yanka farashi da kansu. Abin takaicin shi ne gidan gyaran amarya da ya gaji dilka daga kakanni yakan zama shi ne wurin da ake cusa haɗin mai a cikin kayan, don dangin ango su ga amarya ta canza cikin sati biyu.

Ta fuskar waƙa kuwa, akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023, wadda ta maye gurbin ta zamanin soja, ta kuma tanadi haƙƙin mai rerawa daban da na marubucin waƙa, har da abin da ake yaɗawa ta intanet. A aikace, wannan haƙƙi yana dogara ne da abin da aka rubuta kafin a kunna makirfo: sunan wa zai fito, tashar wa za a ɗora, kashi nawa ne na mai murya. Yawancin aikin situdiyo a Kano har yanzu da baki ake ƙulla shi, bisa mutunci da sanayya, kuma budurwar da ta nemi a rubuta mata takarda ta san akwai wasu da ke jiran a kira su a madadinta.